Yadda Matan Ƙauye Za Su Haɗa Zumuntar Masu Ciki da Masu Jego

A ƙauyukanmu na Kano da Jigawa mai jego ba ta rasa 'yan barka. Ranar suna gida ya cika maƙil, ga turamen atamfa, ga sabulu, ga kuɗin biki. Inda ake rasa mutane shi ne tsakar dare, lokacin da jini ya ɓalle wa mace, maigida yana ci-rani a Legas, babu kuɗi a hannu, mai mota ɗaya tilo na garin kuma wayarsa a kashe. Galibin matan da muke rasawa wajen haihuwa jinkiri ne ke cinye su: a daɗe ana shawarar ko a tafi asibiti, a daɗe ana neman abin hawa, a isa can kuma a daɗe ana neman jini. Duk waɗannan abubuwa ne da mata za su iya sasantawa tun ciki yana ƙarami, da rana tsaka, hankali kwance. Ga yadda ake yi.

Da farko, a san su wa za a tara

Kada a yi taron gari. Mata shida zuwa goma waɗanda gidajensu ke kusa, yadda yarinya za ta iya rugawa ta kira ɗaya cikin dare, sun isa. A haɗa masu ciki, masu goyo, da mace ɗaya ko biyu da suka gama haihuwa. A samu wadda ta iya rubutu, boko ko ajami, ta riƙe littafi: sunan kowace, watan da ake sa ran haihuwarta, ranar awonta, lambar wayar mijinta. Haɗuwa sau biyu a wata ta wadatar, kuma in an ɗora ta a kan ranar zubin adashi ko bayan tashi daga Islamiyya, ba wadda za ta sake neman izinin fita.

Mai cikin fari ita ce mai wuyar samu. Kunya ba ta barin ta faɗa, wani lokacin har cikin ya kai wata biyar tana ɓoye shi da zane. Kada a tsare ta a gaban jama'a. Ƙawarta ko wata yayarta ta same ta a ɗaki, ta ce mata, "Ƙanwata, ranar Talata zan je awo, zo ki raka ni." Ta hanyar rakiya ake shigar da ita.

Na biyu, a jawo manya, a nemi izini tun da wuri

Nan ne aikin yake, kuma nan ne yawancin irin wannan haɗuwa ke watsewa. Duk abin da matasan mata suka ƙulla, idan uwar miji da ungozoma ba su ciki, ranar naƙuda maganarsu ce za ta yi aiki. Saboda haka ungozomar unguwa ita ce farkon wadda za a kai wa goro. Kada a je mata da "an ce a asibiti". A ce, "Iya, ke kika karɓi haihuwarmu duka. Muna so ki zama uwar wannan zumunci, in kin ga abin da ya fi ƙarfin gida, ke za ki ce a tafi, ke kuma za ki raka." Tsohuwar da aka ba girman rakiya ba ta jin an ƙwace mata sana'a.

Sai maza. Kowace mace ta samu mijinta lokacin da ya ci ya ƙoshi, ta nemi izini guda ɗaya wanda zai tsaya har ta yi arba'in: "Malam, in larura ta taso ba ka nan, ka yarje mini a kai ni asibiti ba sai an jira ka ba." Ya faɗi haka a gaban mahaifiyarsa ko ƙaninsa, don kada ranar a ce ba a ji daga bakinsa ba. Wanda ya noƙe, a bi ta hannun liman ko mai unguwa. Maza sukan ji daga bakin liman abin da ba za su ji daga bakin matansu ba, wannan kuwa kowa ya sani.

Na uku, asusu, mota da jini

Asusun nan daban yake da adashi, domin ba a kwasarsa. Kada a tsaya lissafin naira nawa, tunda kuɗin mai kullum canzawa yake. A tambayi direba nawa zai karɓa ya kai mace babban asibiti mafi kusa cikin dare, sai a sa burin tara ninki biyu na wannan. Wadda ba ta da kuɗi ta kawo tiyar gero ko ta gyaɗa a sayar ranar kasuwa. Kuɗin su zauna a hannun mace mai amana wadda ba ta cika tafiye-tafiye ba, wata kuma ta riƙe lissafi. Wadda aka kashe wa, mijinta ya mayar bayan suna ko da kaka, ba tare da an ɗora ko sisi ba. Kuma a yanke tun farko cewa ba a ranta wa kowa don biki ko sayen taki, ko da uwar asusun ce.

A samu lambar direbobi biyu, da mai babur ɗaya, a rubuta a bangon littafi da kuma jikin bangon ɗaki. A Jigawa a tambayi ma'aikatan asibitin mazaɓa ko shirin Haihuwa Lafiya yana da mota a yankin, a kuma tuntuɓi shugabannin direbobi a tasha, domin akwai wuraren da 'yan ƙungiyar direbobi suka saba ɗaukar masu naƙuda. Mutanen garuruwan da ruwa ke yanke wa hanya da damina, irin na wajen Auyo, Ringim, Miga da Kafin Hausa, su yi wani lissafin daban: macen da watanta zai kama a Agusta ko Satumba ta koma gidan dangi kusa da asibiti tun kafin lokaci. Al'adar goyon ciki ta riga ta buɗe wannan ƙofa, sai dai a zaɓi gidan da ya fi kusa da titi.

Jini kuwa, a wajen awo a nemi a faɗa wa mace rukunin jininta, a rubuta. Mijinta ya tanadi maza biyu lafiyayyu cikin dangi ko abokai waɗanda suka amsa cewa za su bi motar.

Na huɗu, a riƙa zuwa awo tare

Tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya sau 8, zuwan farko cikin makonni 12 na farko. Tafiya biyu-biyu ko uku-uku tana rage kuɗin babur, tana kuma hana lalaci. In an je, kada a dawo sai an auna hawan jini, an duba fitsari da yawan jini. A karɓi ƙwayar ƙarin jini, da Fansidar na kare zazzaɓin cizon sauro wanda ake fara sha bayan ciki ya wuce wata uku, wata-wata, aƙalla sau uku, da allurar tetanus. A kwana cikin gidan sauro.

Mata da yawa sukan watsar da ƙwayar ƙarin jini don ta sa musu tashin zuciya ko ta baƙanta bahaya, wasu kuma don an ce tana girmar da ɗa ya ƙi fita. Baƙin bahaya ba matsala ba ne, kuma ƙarancin jini ne ke sa mace ta kasa jure zubar jinin da wata za ta jure. A sha ta da dare bayan tuwo, kada a haɗa da shayi. Abinci kuma yana nan a gida: zogale, rama, wake, gyaɗa, awara, nono, kifi, hanta in an samu. Ƙwai ma a ci, ba ya mai da ɗa ɓarawo.

Na biyar, kowa ta haddace alamomin da ba a kwana da su

A riƙa maimaita su a kowace haɗuwa har yaran gida su iya. Zubar jini komai ƙanƙantarsa. Ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko kumburin fuska da hannuwa. Jijjiga. Zazzaɓi mai zafi. Faya ta fashe ba naƙuda. Ɗa ya daina motsi. Naƙudar da rana ta fito ta faɗi a kanta, wato ta haura awa 12. Mabiyiya ta ƙi faɗowa, ko hannu ko cibiya ta riga kai fitowa.

Jijjiga tana buƙatar magana ta musamman, domin ita aka fi kai wa wajen masu hayaƙi ana cewa iska ce. Hawan jinin ciki ne. A kwantar da mace ta gefe, kada a ɗura mata ruwa ko rubutu, kada a cusa cokali a bakinta, a yi addu'a a cikin mota. Doguwar naƙuda kuma ita ce babbar hanyar yoyon fitsari, kuma yankan gishiri ba ya buɗe hanyar da ƙashi ya tare, rauni kawai yake ƙarawa. Wadda ta riga ta samu lalurar kada a bar ta a ƙuryar ɗaki: ana aikin gyara a asibitin Jahun, inda ƙungiyar likitoci ta MSF ke aiki tun 2008, ana kuma yi a Asibitin Murtala da ke Kano.

Haihuwa a asibiti ita ce abin so. In ta zo a gida ba shiri, a wanke hannu da sabulu, a yanke cibi da sabuwar reza, a ɗaure da zare mai tsabta. Idan a wajen awo an ba mace ƙwayoyin misoprostol na tsayar da jini, bayan ɗa ya fito ake sha, kuma sai an tabbata ba wani a ciki. Shan su da ɗa a ciki yana iya fasa mahaifa.

Na shida, rabon aikin jego

A raba kwanakin makon farko da na biyu: wannan ta ɗebo ruwa, waccan ta yi daka, wata ta kwashe manyan yaran zuwa gidanta. Amma wadda ke da aikin ranar ta buɗe ido, ba ɗumama tuwo kaɗai ya kawo ta ba.

Ta ga an sa jariri a nono cikin awar farko, an kuma bar shi ya sha dakashi, wanda wasu ke matsewa su zubar alhali shi ne garkuwarsa ta farko. A goge shi a rufe shi a ƙirjin uwa, wanka ya jira sai gobe. Bakwaini ko ɗan ƙaramin jariri a kai shi a duba, a riƙa ɗaure shi fata da fata a ƙirji. Cibi a shafa masa man chlorhexidine da ake bayarwa a asibiti, ban da toka, man goge baki ko gashi da tsumma, kuma kada maganin ya kusanci ido. A fitar da kafur daga cikin kayan jariri, yana tayar wa wasu yara da shawara. Jaririn da ya ƙi kama nono, ko idonsa ya yi rawaya, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau, ko yake numfashi da sauri, ranar za a kai shi. Wanzami ya yi askin suna ya karɓi ladansa, amma a roƙe shi ya bar belu, domin jini da ƙwayar cuta ta nan suke shiga.

Batun wankan jego da kunun kanwa, a nan sai an yi da lallashi. Ni ban ga amfanin ce wa tsofaffi a daina wanka ba, ba za su ji ba, kuma ruwan ɗumi da ganyen darbejiya yana sa mai jego ta ji daɗin jikinta. Abin da za a nema shi ne a sirka ruwan yadda ba zai sale fata ba, a kuma rage kanwa sosai. Kanwa dangin gishiri ce, tana tara ruwa a jiki, ga mai hawan jini kuwa haɗari ce. Likitoci a Zariya da Kano sun daɗe suna ganin ciwon zuciyar da ke kama mata bayan haihuwa. Mai jegon da ke haki, ƙafafunta suka kumbura, take tari, ba ta iya barci sai a jingine, asibiti za ta, ba ƙarin wanka ba. Haka wadda jinin biƙinta ya yi wari ko ya ƙaru. Akwai kuma wadda za ka ga ta yi shiru, ba ta ci, tana kuka ba dalili, ba ta son ɗaukar ɗan. Kada a ce mata butulci take yi wa Allah. A zauna da ita, a karɓi ɗan ta yi barci, in abin ya wuce mako biyu ko ta fara maganar cutar da kanta a kai ta wurin likita.

Na bakwai, bayan arba'in

Sunan mace ba ya fita daga littafi don ta yi arba'in, shafi kawai ake sakewa. Yanzu ranakun rigakafi ake bi: na haihuwa, sai mako 6, mako 10, mako 14, sai wata 9 na ƙyanda da shawara, sai ƙyanda ta biyu a wata 15. Wanda ya ga yadda mashaƙo ya yi ɓarna a Kano a 2023 ba sai an yi masa dogon bayani ba. Katin rigakafi a sa shi a leda, a ajiye inda ake ajiye kuɗi. Da damina in masu rabon maganin zazzaɓi na yara suka zo, ana ba ɗan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, kuma sauran ƙwayoyin kwana biyun da suke bari a hannun uwa sai an tuna wa juna.

Nono zalla har wata 6, ko da bazara, ba ruwa. Wannan ma sai mata sun tsaya wa juna, domin kaka tana ganin zafin Afrilu za ta ce yaro na jin ƙishi. A amsa mata cewa uwar za a ƙara wa ruwa da kunu, shi kuma a ƙara sa shi a nono. Daga wata 6 sai kunun gero ko dawa da aka haɗa da gyaɗa da waken suya, ana ci gaba da shayarwa har shekara biyu kamar yadda ya zo a Suratul Baƙara. Maganar tazara kuwa, a bar masu goyo su yi ta a tsakaninsu, wadda take so a raka ta asibiti ita da yardar mijinta. Macen da ta yi ɓari ko ɗanta ya koma, ita ma a sa ta cikin rabon aiki kamar kowace mai jego, a kai ta a duba jininta, kuma kada a tambayi gidansu kuɗin asusu sai an yi girbi.