Yadda Ake Sauka a Ƙaramin Otal na Gargajiya a Tsohon Birnin Fas

Duk wanda ya yi niyyar zuwa birnin Fas na ƙasar Maroko, ko don ziyarar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a birnin a shekarar 1815, ko don ganin masallacin Ƙarawiyyin da Fatima al-Fihri ta assasa a shekarar 859, ko kuwa don hutu kawai, zai tarar da masauki iri biyu. Akwai manyan otal-otal a sabon garin da Faransawa suka gina a zamanin mulkin mallaka, akwai kuma tsofaffin gidajen attajirai da malamai da ke cikin ganuwa, waɗanda aka gyara aka mayar da su ƙananan masaukai masu ɗakuna kaɗan, galibi daga biyar zuwa goma. Waɗannan su ake kira riyad. Wanda ya zaɓe su, ɗaki ya kama a cikin gidan da aka gina don zaman iyali shekaru masu yawa da suka wuce, saboda haka yawancin shirin da zai sa ya ji daɗin zamansa tun daga gida ake yin sa, kafin a hau jirgi.

Mataki na farko shi ne zaɓen unguwa, kuma ya kamata ya gabaci kallon hotunan ɗakuna. Tsohon birnin, wanda ake kira Fas al-Bali kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 1981, mota ba ta shiga cikinsa, domin dubban lungunansa an yi su ne don mai tafiya a ƙasa da jaki da alfadari. Haka kuma birnin a kan gangara yake: manyan hanyoyinsa biyu, Tala'a Kabira da Tala'a Sagira, suna farawa ne daga wajen ƙofar Bab Bujulud, suna gangarawa zuwa tsakiyar gari inda Ƙarawiyyin yake. Sauka ba ta da wuya, amma dawowa da yamma bayan an yini ana yawo hawa ne mai sa haki. Wanda ke tafe da dattijo ko mai ciwon gwiwa, ya nemi gida kusa da inda tasi ke iya tsayawa, kamar Batha da Bab Bujulud a sama, ko dandalin Rasif a ƙasa. Wanda kuwa burinsa ya riƙa samun wazifa da sallar asuba a zawiyar Shehu, ya nemi gida a unguwar Blida ko kewayenta, can ƙasa kusa da Ƙarawiyyin, tare da sanin cewa majemar Shuwara ba ta da nisa da wurin, kuma warin fatu yakan biyo iska a ranakun zafi. Tambayar da ta fi amfani ita ce a ce wa masu gidan su faɗi minti nawa ake yi a ƙafa daga inda mota ke tsayawa zuwa ƙofarsu, da kuma ko hanyar tana da matakala.

Bayan unguwa sai ɗaki, kuma a nan ne mafi yawan baƙi suke yin sakaci, domin sun saba da otal inda ɗakuna masu kuɗi ɗaya suke kama da juna. A riyad kowane ɗaki da halinsa. Ginin a kewaye yake da tsakar gida mai marmaro a tsakiya, wani lokaci da itatuwan lemo, kuma tagogin ɗakuna ciki suke kallo, ba waje ba. Ɗakunan ƙasa su ne suka fi girma da ado, domin a da su ne ɗakunan karɓar baƙi: rufinsu yana da tsawo ƙwarai, ƙofofinsu manya ne na katakon al'ul, bangonsu kuma an lulluɓe shi da zallij, wato ƙananan gutsattsarin tayil masu launi da ake sassaƙawa da hannu a jera su ɗaya bayan ɗaya, sama da shi kuma farar ƙasa da aka yi wa zane da wuƙa. Su ne ake sakawa a hotunan talla. Sai dai ƙofarsu tana buɗewa ne kai tsaye ga inda ake karin kumallo, don haka ƙarar cokula da hirar baƙi za su iske ka a kan gado, kuma idan ka buɗe labule don samun haske kowa yana ganinka. Ɗakunan sama sun fi haske da sirri, amma matakalar gidajen Fas matsattsiya ce mai tsayin taki, tana murɗawa, kuma da wuya a sami na'urar hawa bene. A ganina, ga mai iyali da ke son sutura, ɗakin bene na farko ya fi, ko da bai kai na ƙasa ƙawa ba.

Lokacin tafiya ma yana shiga cikin wannan lissafi. Daga Disamba zuwa Fabrairu Fas tana da sanyi da ruwan sama, kuma ɗaki mai dogon rufi da daɓen tayil ba ya ɗumama da wuri, saboda haka a tabbatar akwai na'urar ɗumama ɗaki mai aiki, ba bargo kaɗai ba. A Yuli da Agusta kuwa zafi yakan kai digiri 40, kuma a lokacin ɗakunan ƙasa ne suke da ni'ima, na saman soro kuma sai da na'urar sanyaya ɗaki. A watan Maulidi masu ziyara daga Senegal da Najeriya da sauran ƙasashen Afirka ta Yamma sukan yi yawa, kuma gida mai ɗakuna shida ba ya daɗewa bai cika ba.

Mataki na uku shi ne ka rubuta wa gidan da kanka, ko da ta Booking.com ka kama ɗakin. Yawancinsu suna amsa saƙo ta WhatsApp da Faransanci ko Larabci ko Turanci. Akwai tambayoyin da shafin talla ba ya amsawa, domin da yawa daga cikin waɗannan gidaje Turawa ne suka saya suka gyara, kuma da baƙi irinsu a zuciya aka tsara su. Ka tambaya ko banɗakin yana da ƙofa, domin masu tsara ɗakuna na zamani sukan raba shi da wurin kwana da labule ko rabin bango kawai. Ka tambaya ko akwai tiyon tsarki. Idan babu, ka sa ƙaramar buta a jaka, wadda ba za ta ci maka wuri ba. Ka tambaya ko ana sayar da giya a gidan, ko ana karɓar yara ƙanana, tunda wasu gidajen ba sa karɓa saboda matakala da marmaro, sannan ko kuɗin da aka faɗa ya haɗa da harajin kwana da ake karɓa a kan kowane mutum a kowane dare. Ka kuma nemi su turo maka takardar shaidar kama ɗaki mai ɗauke da sunanka kamar yadda yake a fasfo, domin ɗan Najeriya yana buƙatar biza kafin shiga Maroko, kuma shaidar masauki tana cikin abin da ake nema. Ma'aurata su tafi da takardar shaidar aure, domin wasu masaukai suna tambayar Musulmi ita kafin su ba su ɗaki ɗaya, alhali a wajenmu aure da yawa an ɗaura shi ne ba tare da an karɓi takarda ba.

Sai shirin isowa, wanda ba a barin sa ga sa'a. Mafi yawan matafiya daga Legas ko Yamai a Kasablanka suke sauka, daga nan su hau jirgin ƙasa na kimanin awa huɗu zuwa Fas, sannan su ɗauki ƙaramar tasi mai jan fenti, wadda ba ta ɗaukar fiye da mutum uku. Tun kafin ka taso ka sanar da gidan lokacin isowarka, ka nemi su faɗa maka sunan ƙofar garin da za ka ce wa direba, su kuma turo wanda zai tarbe ka da ɗan dako mai amalanke. Kada ka dogara da taswirar waya, domin tsakanin dogayen bangaye tana rikicewa, kuma ƙofar riyad daga waje ba ta nuna komai. Kamar zauren tsofaffin gidajen cikin birnin Kano ne, inda mai wucewa ba zai iya gane abin da ke ciki ba: ƙofar katako ce a ƙarshen lungu mai duhu, da ƙaramin allo da ƙararrawa. Idan akwai hali a iso da rana. A rage kaya, a kuma fifita jakar da za a iya ɗagawa da hannu ɗaya, domin wani ne zai hau da ita bene.

Da ka shiga za a zaunar da kai a tsakar gida, a kawo shayin na'ana'a, a ba ka takardar rajistar baƙi ta 'yan sanda ka cike. A ciki akwai gurbin lambar da jami'an shige da fice suka rubuta ko suka buga a fasfonka ranar da ka shigo ƙasar, saboda haka kada ka yi mamaki idan an nemi ganin shafin. Kafin ka kwance kaya, ka duba ruwan zafi da makulli da na'urorin ɗakin, ka faɗi abin da bai yi maka ba nan take, tunda babu ɗakuna da yawa da za a sauya maka daga baya. Soket ɗin Maroko irin na Faransa ne mai ramuka biyu zagayayyu. Ɗan Nijar ya saba da shi, amma wanda ya taso daga Najeriya sai ya zo da adafta. Ka karɓi katin gidan mai adireshi da Larabci, ka kuma tambaya ko ana kulle ƙofa da dare da yadda za ka fita sallar asuba.

Zaman cikin gidan yana da ladubbansa, kuma babbansu shi ne rage murya, domin tsakar gidan tana ɗaukar sauti ta kai shi kowane ɗaki. Wayar da aka amsa da ƙarfi da tsakar dare duk gidan ne ya ji ta. Karin kumallo galibi yana cikin kuɗin ɗaki, kuma akan kawo burodi da wainar Maroko iri biyu da ake kira msemen da bagrir, da zuma da zaitun da ruwan lemo. Abincin dare kuwa sai an faɗa tun da safe, domin mai girki sai ta je kasuwa ta sayo daidai adadin masu ci, kuma sau da yawa tajin ɗin gida, wato dahuwar nama da kayan lambu a tukunyar ƙasa, ya fi na gidajen abincin da ke bakin Bab Bujulud. Idan ka hau saman soro don kallon gari, ka tuna cewa sorayen maƙwabta wurin shanya ne da zaman mata, kada ka juya kyamara wajensu.

Game da fita, ranar farko ka nemi gidan ya haɗa ka da ɗan jagora mai lasisi, ku daidaita kuɗi tun farko, ka kuma gaya masa ko kana son shiga shaguna ko ba ka so. Samarin da za su tare ka a hanya su ce maka gaba a rufe take, ka yi musu godiya ka wuce. Alamun lunguna suna taimakawa: allo mai kusurwa shida yana nufin lungun ba ya ɓullewa, mai kusurwa huɗu kuma yana ɓullewa. Idan ka ji an ce "balak", ka manne da bango, alfadari ne da kaya yake tafe. Ranar Juma'a shaguna da yawa a rufe suke, ita ce kuma ranar kuskus a gidaje, da zikirin Juma'a a zawiya bayan la'asar.

Daren da za ka tafi ka biya kuɗinka, kada ka bari sai da safe, domin ƙananan gidaje da yawa sun fi son dirhami, kuɗin Maroko, a hannu, kuma na'urar cirar kuɗi tana can wajen Batha ko Rasif, ba a bakin ƙofa ba. Ka ware ɗan ihsani ga mai girki da masu gyaran ɗaki, ka shaida wa gidan lokacin jirginka don a kira ɗan dako da tasi, sannan ka ƙara aƙalla rabin awa a kan lissafinka saboda tafiyar ƙafa daga gidan zuwa ƙofar gari.