Yadda na hana matatar ruwa zuƙe abincin kifina

Duk sanda na zuba wa kifi abinci a tankin gilashi, kafin su ci rabi matatar ruwa ta zuƙe sauran. Sosonta ya riƙa toshewa, ruwan ya gurɓace. Na rage abincin, na sauya kusurwar zubawa, duk a banza.

Sai na jona matatar a soket mai agogo, alhamdulillahi aka rabu da matsalar. Ina kashe ta, in jira minti 1 ruwan ya lafa, in zuba abin da za su cinye cikin minti 3. Bayan minti 10 soket ɗin ya kunna ta da kansa. Famfon iska kuwa ba na taɓa shi. Kada dai a bar ta a kashe na sa'o'i, domin bakteriya masu amfani da ke cikin soson sai da ruwa mai gudana suke samun iskar shaƙa.