Asibitin Marasa Inshora a Amurka: Yi Rajista Tun Kana da Lafiya

Ɗan'uwa, idan ka sauka Amurka ba ka da inshorar lafiya, kada ka bari sai ciwo ya kwantar da kai. Abin da ke ci mini rai shi ne mutanenmu da suka ƙunso maganin hawan jini ko na suga daga gida, ya ƙare, suka yi shiru, don an tsorata su cewa ganin likita a nan sai mai hali. Asibiti na da tsada, babu musu, amma akwai ƙofar da aka buɗe wa talaka.

Tun 1965 gwamnatin tarayya ke tallafa wa cibiyoyin lafiya na unguwanni, aka fara da Boston da Mound Bayou ta jihar Misisipi. Yanzu sun kusa 1,400, da dubban rassa. Ba a korar mutum don ba shi da kuɗi. Za su duba abin da kake samu da yawan iyalinka su yanka maka farashi. In samunka bai wuce ma'aunin talauci na gwamnati ba, ɗan abin da za ka biya kaɗan ne, magani ma sau da yawa da rangwame. Akwai kuma asibitocin sa-kai na kyauta, wasu na masallatai ne ko coci-coci. Buga 211 ko ka duba shafin HRSA, hukumar tarayya da ke kula da cibiyoyin unguwanni, za ka ga na kusa da kai.

Ranar zuwa ka riƙe katin shaida, takardar da ke ɗauke da adireshinka, da takardar albashi. In a hannu ake biyanka, kamar mai kitso ko mai kai abinci, ka faɗa musu, suna da hanyar rubuta shi. Ka zuba kwalayen magungunanka duka a leda, har wanda ya ƙare, likita ya gani da idonsa. Ka nemi tafinta na Hausa ko Faransanci, kyauta ne. Don Allah, 'yar'uwa, kada ki sa ɗanki ya fassara miki ciwon da kike jin nauyin faɗa a gabansa.

Ɗakin gaggawa fa ba kyauta ba ne. Dokar 1986 ta tilasta musu duba ka ko ba ko sisi, amma takardar bashi za ta biyo ka gida. In ta zo, ka tambayi ofishin kuɗi na asibitin shirinsu na sassauci.

Mazauna birnin New York, shirin NYC Care na kula da lafiyar marasa inshora da aka fara a yankin Bronx a 2019 ba ruwansa da takardun zamanka. A wasu jihohin ka'idar na sauyawa, ka fara buga waya ka tambaya.