Fumfuna a bayan takardar bango: kurakuran da aka fi yi a tsofaffin gidaje

Yawanci wari ne ke fara tona asiri. Ɗaki ya riƙa wari kamar an daɗe ba a buɗe shi ba, takardar bango ta fara kumbura a kusurwa ko ta ɗaga daga ƙasa. Kana jan gefenta sai ka ga baƙaƙen ɗigo-ɗigo sun bazu, filastar kuma sanyi ƙalau a tafin hannu.

Babban kuskure shi ne a ɗauka fumfunar ce matsalar, alhali ruwa ne. Fumfuna ba ta tsirowa sai da laima, kuma a bayan takardar bango ta samu duk abin da take so: duhu, rashin iska, ga ita kanta takardar da gam ɗin da aka manna ta, wanda galibi da sitaci ake haɗa shi, duk abinci ne a wurinta. Wanda ya goge baƙin ya manna sabuwar takarda ba tare da ya gano inda ruwan ke fitowa ba, ya kashe maciji ne bai sare kansa ba.

Ta hanya uku ruwan ke zuwa, kuma kowace da kamanninta. Wanda ke tasowa daga ƙasa ba ya cika wuce mita ɗaya, yana barin layi mai ruwan ƙasa a saman inda ya tsaya, da farin gishiri da ke sa filasta ta riƙa marmashewa. Wanda ke shigowa daga waje, ta tsagewar bango, rufi mai yoyo, toshewar indararo ko fasasshen bututu, tabo yake yi a wuri guda, ya ƙara faɗi bayan an yi ruwan sama. Na ukun shi aka fi rainawa, kuma shi ya fi yawa: tururin girki, na wanka, shanya a cikin ɗaki, har numfashin masu barci, duk suna sauka a kan bango mai sanyi su zama raɓa. A kusurwa ake ganinsa, da gefen taga, da bayan kabad.

Akwai gwaji mai sauƙi. A share wurin, a manna leda mai faɗin tafin hannu biyu, a like gefunanta huɗu da salatif, a bar ta kwana biyu. Idan gumi ya taru a fuskar da ke kallon ɗaki, iskar ɗakin ce ke ɗauke da danshi. Idan a tsakanin leda da bango ya taru, daga cikin ginin yake fitowa. Ƙaramar na'urar auna laima mai allura biyu da ake caka wa bango kuwa, kada a yi saurin gaskata ta: don katako aka yi ta, kuma gishirin da ke cikin tsohuwar filasta kan sa ta nuna laima fiye da wadda ke akwai. An sha fasa bango mai lafiya saboda ita.

Sai kuskuren yage takardar a bushe. Kowace fizga tana watsa ƙwayoyin fumfuna cikin iska, su shiga hanci, su sauka kan katifa da labule. A fitar da kaya, a rufe ƙofar ɗakin, a buɗe taga, a jiƙa takardar da ruwan sabulu kafin a kankare ta, a zuba ta a leda a ƙulle. Takunkumin N95, safar hannu da tabarau ba ado ba ne. Mai asma, mai juna biyu da ƙananan yara kada su kusanci wurin. Idan fumfunar ta wuce faɗin murabba'in mita ɗaya, aikin ya fi ƙarfin mai gida, a kira masu sana'ar. Kuma a tsohon gida a yi hattara da goga samfefa a kan abin da aka tarar a ƙarƙashin takardar, domin yana iya ƙunsar dalma ko asbesto (wani ma'adini da ake sawa a kayan gini a da), kuma ƙurarsu na cutarwa: sai a 1978 Amurka ta hana fenti mai dalma a gidaje, Birtaniya kuma ba ta haramta asbesto baki ɗaya ba sai 1999.

Bilic, ruwan nan mai faranta kaya, shi ma ya yaudari mutane da yawa. Yana ɗauke launin baƙin nan take, ido ya ga bango fes, amma a kan filasta mai shan ruwa ba ya kaiwa can ciki, sai ma ƙarin jiƙo. Ruwan sabulu da buroshi, sannan maganin fumfuna, sun fi shi amfani. Filastar da ta riga ta ruɓe kuwa sassaƙe ta ake yi. Kada a kuskura a haɗa bilic da amoniya ko ruwan khal, hayaƙi mai guba suke fitarwa.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne wanda ake yi da kyakkyawar niyya: toshe bango. Tsohon gini ba irin na yanzu ba ne. Bangonsa curi guda ne mai kauri, ba rami a tsakiya, kuma yawanci da farar ƙasa aka ɗaura shi aka shafe shi. Irin wannan bango yana shan ruwa kaɗan, ya sake fitar da shi idan iska ta buga shi, haka ya kwashe shekara da shekaru yana yi. Sai wani ya zo ya shafa masa siminti mai tauri a waje, ya bi ciki da fentin mai ko fentin hana ruwa, ya rufe da takarda mai fuskar roba. Ruwa ba ya fasa shiga, domin ko 'yar tsaga ta ishe shi, amma ya rasa mafita. Sai ya hau sama da inda yake a da, ko ya ɓulla a ɗakin da ke kusa, ko ya kama katakon da ke jikin bangon ya ruɓar da shi. Magini na iya cewa siminti ya fi ƙarfi, kuma gaskiyarsa ne, sai dai ba ƙarfi bangon ke nema ba. A gyara da irin abin da aka gina shi, filastar farar ƙasa da fenti mai barin danshi ya fita. A kuma zagaya waje: sau da yawa ƙasa ce ko daɓe aka ɗaga ya danne gindin bangon. Ya kamata ƙasar waje ta kasance aƙalla santimita 15 ƙasa da shimfiɗar hana laima, wato abin da ake shimfiɗawa a gindin bango don tare ruwan da ke tasowa daga ƙasa, idan gidan na da ita.

Na ƙarshe, gaggawa. Fuskar bango kan bushe cikin 'yan kwanaki, cikinsa kuwa jiƙe sharkaf. Ƙiyasin masu gini shi ne wata guda ga kowane milimita 25 na kauri, wato bango mai milimita 225 na iya cin wata tara bayan an tsayar da ruwan. A bar shi tsirara, a buɗe taga, a kunna fanka ko na'urar tsotse danshi har laimar iskar ɗakin ta sauka ƙasa da kashi 60 cikin 100, a janye kabad daga jikin bango iska ta riƙa ratsawa. Idan gwajin leda ya fito a bushe ta fuska biyu, sannan a manna takarda, ita ma ta zalla marar roba, da gam mai maganin fumfuna.