Yadda ake kula da ido mai bushewa da fatarsa kafin kwanciya barci

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, kukan da ake yawan ji a Jos shi ne ido na raɗaɗi, yana ƙaiƙayi, ana jin kamar yashi ya shiga ciki, da asuba kuma fatar idon ta manne sai an sa ruwa kafin ta buɗe. Garin yana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ga iskar hunturu busasshiya, ga ƙura, ga sanyin da ke sa mutane su rufe ɗaki ruf su kunna hita ko su shigo da garwashi. Wanda ya wuni a Taminus ko Farin Gada, ko ya wuni yana tuƙa keke Napep, shi ya fi kowa sanin wannan. Ma'aikacin da ya wuni gaban kwamfuta ma bai tsira ba, domin mai kallon allo yana rage ƙifta ido sosai ba tare da ya sani ba.

Akwai abin da ya kamata a fahimta kafin a taɓa komai, don shi ne ya tsara matakan da za su biyo baya. Hawayen da ke lulluɓe ƙwayar ido ba ruwa ne zalla ba. Akwai majina-majina a ƙasa da ke riƙe shi a jikin ido, akwai ruwan a tsakiya, sannan akwai wani siririn mai a sama da ke hana ruwan bushewa. Wannan man yana fitowa ne daga wasu ƙananan ƙofofi da suka yi layi a bakin fatar ido, daidai bayan gashin ido, guda ashirin zuwa arba'in a kowace fata. A wurin mafi yawan masu fama da bushewar ido, ba ruwan ne ya yi ƙaranci ba, man ne ya yi kauri ya toshe ƙofofin, kamar yadda man shanu ke daskarewa a kwano da sanyin Disamba. Shi ya sa za ka ga mutum idonsa na zubar da hawaye a cikin iska, a ce masa bushewar ido ce, ya yi musu. Ruwan yana zuwa, amma ba mai riƙe shi. Aikin dare kuwa shi ne a narkar da man, a fito da shi, a share bakin fatar, sannan a kare idon har gari ya waye. Jerin yana da muhimmanci: wanda ya fara da ɗiga magani sannan ya wanke fuska, ya wanke kuɗinsa.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne bayan sallar isha'i, in an gama da waya da talabijin. Minti goma sha biyar ya isa.

A wanke hannu, a cire kwalliya

A wanke hannu da sabulu. Mai sa gilashin da ake mannawa a ƙwayar ido ya cire shi, kada a kwana da shi ko sau ɗaya. Mata su cire gazal, hoda da duk abin da aka shafa wa gashin ido, da auduga da ruwan ɗumi, a hankali, ba da dirza ba. Gashin idon kanti da ake liƙawa da gam, a ba shi hutu har idon ya warware.

Batun kwalli yana buƙatar a ɗan tsaya. Mutane da yawa suna sa shi da dare saboda sunna, iyayenmu mata kuma sun ɗauke shi maganin ido. Matsalar tana wuri biyu. Na farko, inda ake zizara shi, wato bakin fatar ta ciki, nan ne daidai ƙofofin man suke. Na biyu, da yawa daga cikin kwallin da ake sayarwa a kasuwa dutsen dalma ne aka niƙa. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta fitar da rahoton wani jariri ɗan asalin Najeriya da aka samu gubar dalma a jininsa a birnin Boston, da aka gwada kwallin da ake sa masa sai aka tarar fiye da kashi 80 cikin 100 dalma ce. A ganina, mai fama da bushewar ido ya ajiye tandu gefe tsawon lokacin da yake wannan jinya, jarirai kuwa kada a sa musu sam.

Gasa ido da ruwan ɗumi

Nan ne ƙashin bayan aikin, kuma nan ne aka fi yin ha'inci. A samu ƙaramin tawul mai tsabta wanda ba a amfani da shi a komai sai ido, a tsoma a ruwan ɗumi, a matse, a rufe ido a ɗora. Ɗumin da ake so shi ne kusan digiri 40, wato wanda in ka ɗora a cikin damtsenka za ka ji daɗinsa, ba za ka janye hannu ba. Fatar ido ita ce mafi siranta a jikin ɗan Adam, ba ta jure irin ruwan da ake gasa targaɗe da shi. Masu ciwon sukari da tsofaffi su sa wani ya gwada musu, don jin zafinsu kan ragu.

Ana buƙatar minti biyar zuwa goma na ɗumi mai ɗorewa kafin man ya narke. A Jos kuwa, a ɗakin da dare ke iya saukowa kusa da digiri 10, jiƙaƙƙen tawul ba ya wuce minti ɗaya ko biyu ya huce. Wanda ya ɗora sau ɗaya ya kwanta da shi har ya yi sanyi bai yi komai ba. Dabarar ita ce a ajiye filas na ruwan zafi kusa, ana sirkawa a kwano, a yi amfani da tawul biyu, ɗaya na kan ido ɗaya na cikin ruwa, ana musanyawa. Wasu kan naɗe dafaffen ƙwai mai ɗumi a hankici, yana riƙe zafi fiye da tawul, sai dai a kula kada a danna shi a kan ƙwayar ido. A manyan shagunan magani ana samun wani abin rufe ido da ake ɗumamawa, in da hali ya fi sauƙi, amma ba dole ba ne.

Tausa da shara

Da an cire tawul, kafin fatar ta huce, a sa ɗan yatsa a shafa fatar sama daga wajen gira zuwa gashin ido, ta ƙasa kuma daga wajen kunci zuwa sama, ido a rufe. A bi daga gefen hanci zuwa gefen kunne, sau huɗu ko biyar. Fata ake tausawa, ba ƙwayar ido ake matsawa ba. In gani ya ɗan dushe na 'yan mintoci bayan haka, man ne ya fito. Wanda aka yi wa aikin ido kwanan nan, ko yake da hawan jinin ido, ya tambayi likitansa kafin ya fara tausa.

Sai a share tushen gashin ido, inda kwantsa da ɓawon fata ke taruwa. Auduga da ruwan da aka tafasa ya huce sun isa, kowane ido da tasa audugar. In ɓawon ya yi yawa, a sa ɗigo ɗaya ko biyu na shamfun jarirai a rabin kofin ruwa, a share, a ɗauraye. In shamfun yana ƙara busar da fatar, a bar shi. Mai yawan fitar hazbiya zai fi kowa cin moriyar wannan mataki.

Maganin ɗigawa, da wanda ba a ɗigawa

Yanzu ne lokacin hawayen roba, wato maganin ɗigawa mai kwaikwayon hawaye, wanda ake sayarwa a kemis ba tare da takardar likita ba. A ja fatar ƙasa kaɗan, a ɗiga ɗigo ɗaya, kada bakin kwalbar ya taɓa ido ko yatsa, a rufe ido na minti ɗaya. Wanda ke ɗigawa fiye da sau huɗu a rana ya nemi irin wanda ba a sa masa sinadarin hana lalacewa ba, domin sinadarin kansa yana cin fuskar ido in ya yi yawa. Kwalbar da aka buɗe, galibi ana zubar da ita bayan mako huɗu, sai in takardarta ta faɗi wani abu daban. A rubuta ranar buɗewa a jikinta.

In ana tashi da asuba ido a ƙafe, ruwan ɗigawa ba zai kai safiya ba, sai a nemi mai kauri ko man ido na cikin ɗan bututu, a sa kamar tsawon ƙwayar shinkafa a cikin fatar ƙasa. Yana dusar da gani, don haka shi ne na ƙarshe, a bakin gado. Mai amfani da wani maganin likita ya fara da shi, ya jira minti biyar, man ya zo daga baya.

Abin da ke ɓata idon mutane shi ne shiga kemis a ce "a ba ni maganin jan ido". Sau da yawa abin da za a miƙo yana ɗauke da dexamethasone ko betamethasone. Kwana biyu idon ya yi fari, mutum ya ji daɗi ya ci gaba wata da watanni, alhali irin waɗannan magunguna suna iya jawo hawan jinin ido da yanar ido, kuma ganin da hawan jinin ido ya tafi da shi ba ya dawowa. A duba jikin kwali. Ruwan sukari, ruwan albasa, nonon uwa, zuma, ruwan ganye, babu ɗaya da ke da hurumin shiga ido.

Fatar kanta

In fatar ta yi furu-furu ko ta tsage, a ɗan jiƙa ta, a lakato basilin fari marar ƙamshi, ɗan mitsitsi, a shafa a saman fatar da ƙasan ido, a tsaya kafin a kai ga gashin ido. Man kaɗe mai tsabta ma yana yi. Robb da duk wani mai mai yaji ko turare, a nisanta su daga ido ko da mura ake yi. Haka man bilicin, da yawansu na ɗauke da sinadaran da ke ƙara sirantar da fatar da dama can siririya ce.

Ɗakin kwana

Kada fanka, hita ko na'urar sanyaya ɗaki su riƙa busowa kai tsaye a fuska. Jiƙaƙƙen zane da aka shanya a ɗaki yana ɗan ƙara danshi. Turaren wuta da maganin sauro na kunnawa, a yi su da wuri, hayaƙin ya fita kafin a kwanta. Garwashi kuwa a fitar da shi gaba ɗaya. Bushewar ido ce mafi ƙanƙantar illarsa, iskar da yake fitarwa a rufaffen ɗaki tana kisa.

Wasu suna barci ido bai gama rufuwa ba, kuma ba su sani ba. Maigida ya tambayi uwargida, ita ma ta tambaye shi. In haka ne, man ido na dare ya zama wajibi, kuma a nuna wa likita.

Kada a sa ran ganin canji a kwana uku. Yawanci sai an yi makonni ana yi kowane dare, kuma in an daina matsalar kan dawo. In an kai wata guda ba sauƙi, a je sashen ido na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos da ke Lamingo, ko asibitin Jankwano, ko duk inda ake da likitan ido. Ciwo mai tsanani, raguwar gani, kasa kallon haske, farin tabo a baƙin ido, ruwa mai kama da mugunya, ko kumburin fatar ido tare da zazzaɓi, waɗannan ba a jira da su ko kwana ɗaya. In za a je, a tafi da duk magungunan da ake sha, har da Piriton da makamantansa na mura, domin suna rage hawaye. A kuma faɗa wa likita in ana da ciwon sukari, ciwon gaɓoɓi, matsalar maƙoƙo, ko bushewar baki tare da ta ido, mace kuma ta faɗi in al'adarta ta ɗauke.