Babi na 4: Gyaran ƙasar da mai ya ɓata

Sannunku da ƙoƙari, iyaye da 'yan uwa. A karanta a hankali, ba gaggawa.

Darasi na 1

A cikin fetur akwai guba mai suna benzin. A man dizal kuma akwai naftalin, irin wanda ake yin kafur ɗin akwatin tufafi da shi. Wasu halittu da ido ba ya gani, bakteriya, suna cin gubar nan a cikin ƙasa, amma ba loma ɗaya suke yi mata ba. Benzin yakan koma wani sinadari mai suna katekol. Naftalin yakan fara komawa wani sinadarin mai suna salisilik asid, sannan katekol. Daga nan suke farfasa katekol har ya zama ruwa da iskar da muke fitarwa in mun numfasa.

Katekol shi ma guba ne, ga shi ya fi benzin narkewa a ruwa. Sai da iska ake farfasa shi. In iska ta yanke, aiki ya tsaya a tsakiya, ruwan sama ya wanke ragowar zuwa rijiya.

Darasi na 2

Sa safar hannu. Shimfiɗa leda mai kauri, ka baza ƙasar a kai, kada tudunta ya wuce santimita 30. Duk kwano 10 na ƙasa, zuba kwano 1 na busasshen kashin kaji. Yayyafa ruwa: in ka damƙa ta dunƙule, amma kada ta ɗiga.

Sai juyawa. Ɗauki fartanya, ta ƙasa ta dawo sama, ta sama ta koma ƙasa. Kowane mako. Kada ka kankare sama kawai, kai har kan ledar. In ka manta wannan makon, ba komai, juya yau. Juyawar ce ke shigar da iska. A sake karanta layin nan: juyawar ce ke shigar da iska.

Amma fa wasunku sai sun malale wurin da ruwa su tafi, su ce sun gama. Haba! Caɓi ba ya barin iska ta shiga. Sau nawa za a faɗa? A juya!

Darasi na 3

Gushewar wari ba shaida ba ce, benzin yakan tashi ya bi iska. A kai ƙasar ɗakin gwaji kafin a yi shuka.

Darasi na 4

A nisanta aikin daga rijiya. A 2011, rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna benzin ya haura ƙa'idar ruwan sha sau 900 a rijiyoyin Nisisioken Ogale, ƙasar Ogoni da ke jihar Ribas.