Yadda Ake Tsawaita Aikin Allurar Kashe Jijiya da Deksametazon

Allurar kashe jijiya da ake yi wa majiyyaci kafin tiyatar kafaɗa, hannu ko ƙafa tana da rauni guda, wato takan sake shi da tsakar dare, a lokacin da ciwon yanka yake kan ganiyarsa. Domin jinkirta wannan lokaci ne likitocin sa barci suke haɗa ta da deksametazon, ɗaya daga cikin magungunan siteroid. Nazarin da ƙungiyar Cochrane, mai tattara sakamakon binciken likitanci, ta fitar a 2017 ya nuna cewa yana ƙara kimanin awa 6 zuwa 7 a kan tsawon aikin allurar. Ana ganin yana rage kumburi, yana kuma dakushe ƙananan jijiyoyin da ke kai saƙon zafi. Wannan aiki na ƙwararre ne a ɗakin tiyata, inda kayan ceton rai suke a kusa.

Da farko a tantance majiyyacin. Mai ciwon suga sukarinsa zai hau na kwana ɗaya ko biyu, don haka a auna kafin aiki da bayansa, idan kuwa ciwon ya riga ya taɓa masa jijiyoyi har ƙafafunsa suna dindiris, bai kamata a zuba siteroid kusa da jijiyar ba. Haka nan ba a yin allurar a wurin da fata ta harbu.

Sai zaɓen hanya, kuma a nan ne ya fi dacewa a tsaya a yi tunani. Ana iya gauraya deksametazon da maganin kashe jijiyar a cikin sirinji ɗaya, ana kuma iya ba da shi daban ta jijiyar jini. Wanda aka gauraya yakan ɗara ɗayan da 'yan awoyi, sai dai ba a yi wa maganin rajista domin zubawa a gefen jijiya ba. A ganina, duk inda aka sami kokwanto, hanyar jini ta fi kwanciyar rai, tunda ribarta ta kusa kamo ta ɗayar, ga shi tana rage tashin zuciya da amai bayan tiyata. Ta jini akan ba babban mutum miligiram 8, a hankali, ko bayan barci ya ɗauke shi, domin idan aka tura da sauri yana farke sai ya ji ƙaiƙayi mai zafi a matsematsinsa.

Idan gaurayawa za a yi, miligiram 4 ya wadatar, abin da ya haura haka ba ya ƙara wani tsawo a zo a gani. A ɗauki kwalbar a karanta rubutun jikinta da kyau: dole ta kasance wadda ba ta da sinadarin adanawa irin su benzil alkohol, wanda yake illata jijiya. A kauce wa siteroid masu gari-gari kamar tiramsinolon. A kuma lura cewa ropibaken, ɗaya daga cikin magungunan kashe jijiya, yakan fitar da ƙananan ƙwayoyi kamar gishiri idan ya haɗu da deksametazon, don haka idan da ropibaken ake aiki gara a ba da deksametazon ta jini. Bayan an haɗa da bupibaken, wani maganin kashe jijiyar, a ɗaga sirinjin a haske, idan ruwan ya yi hazo a zubar. Ƙarin siteroid ba ya canza iyakar adadin bupibaken, wato kusan miligiram 2 ga kowane kilo na nauyin jiki. A tura maganin ana kallon bakin allurar a na'urar sikanin, kaɗan-kaɗan, ana jan sandar sirinjin baya bayan kowane mililita 3 zuwa 5 don tabbatar ba a shiga jijiyar jini ba.

Majiyyaci kuma a yi masa bayani tun kafin ya bar asibiti, cewa hannunsa ko ƙafarsa na iya kaiwa kusan kwana guda a sandare. Ya rataye hannun, ya nisanta shi da wuta da ruwan zafi, kada kuma ya taka ƙafar da ba ya ji ba tare da mai riƙe shi ba. Ya fara shan farasitamol da sauran abin da aka rubuta masa tun allurar ba ta sake shi ba, idan kuma an wuce awa 48 gaɓar ba ta farfaɗo ba, ya koma wurin likitansa.